Yadda ake sassaƙa bumarang na katako a gida, wanda zai tafi ya dawo hannunka

Bumarang lanƙwasasshen katako ne mai hannu biyu da ake wurgawa ya zagayo ya dawo. Na farko da na yi dai bai dawo ba. Na zauna na yanke shi tsaf, na goge gefunan duka huɗu suka yi santsi iri ɗaya, har fenti na shafa masa, da na je fili na wurga sai ya tafi kamar kowane guntun itace ya faɗi can gaba, na yi ta maimaitawa har kafaɗata ta yi tsami amma ko alamar juyowa bai yi ba. Sai daga baya na gane cewa lanƙwasar nan da kowa ke kallo ba ita ce ke dawo da shi ba, aikin gaba ɗaya yana cikin yadda ka sassaƙe gefunan. Toh shi ya sa zan fi daɗewa a wajen, sauran kuma mu wuce da sauri.

Ka fara riƙe wannan a kanka tukuna, don in ka gane shi ba za ka yi sassaƙa a makance ba. Hannayen bumarang guda biyun nan kowanne fiffike ne irin na jirgin sama, samansa a kumbure ƙasansa a shimfiɗe, gefe ɗaya mai kauri wanda ke fara tsaga iska, ɗayan kuma siriri inda iskar ke sulalewa ta fita. Ana wurga shi a tsaye ne yana juyawa, kaga fiffiken da yake sama a lokacin yana tafiya gaba ga kuma gudun jifan, don haka ya fi na ƙasa shan iska, iskar ta fi tura shi gefe. Abin da ke juyawa kuwa in ka tura shi ta sama ba ya kifewa, kwana yake yi, kamar dai taya da ka gangara a ƙasa in ta ɗan karkata sai ka ga ta fara zagaye. Haka zai yi ta yin kwana har ya rufe da'ira ya zo inda ya tashi. A 2008 wani ɗan sama jannati ɗan Japan, Takao Doi, ya wurga na takarda a cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuma ya dawo masa, domin akwai iska a cikin tashar, kenan iska da juyi ne ke aikin.

Sai zancen katako, kuma nan ne mutane da yawa ke fara yin asara. In ka ɗauki katako falle ɗaya irin wanda ake tebur da shi ka yanke lanƙwasa a jiki, jijiyar itacen a miƙe take, dole ta ratsa fiffike a gicciye, faɗuwa ɗaya mai kyau zai tsage daga gwiwa, wato inda fukafukan biyu suka haɗu. Mutanen asali na Ostiraliya, waɗanda duniya ta san abin nan ta hanyarsu, sun san da haka tun tuni, shi ya sa suke neman reshe ko saiwar da ta lanƙwashe da kanta yadda jijiyar za ta bi kwanar. An tono nasu na katako a fadamar Wyrie a kudancin ƙasar a 1973 waɗanda suka kai wajen shekara 10,000, a wani kogo a Poland kuma an samu na hauren wata irin giwa mai gashi da ta ƙare a duniya wanda ya ma fi wannan daɗewa, har a kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar an samu sandunan jifa masu lanƙwasa. Akasarinsu dai na farauta ne, masu nauyi, ba a yi su don su dawo ba. Mu da muke gida hanya mafi sauƙi ita ce filawud, wato katakon nan da ake manna falle kan falle kowanne jijiyarsa ta gicciye na ƙasansa, shi ba ruwansa da ta ina ka yanka. Ka nemi mai kaurin milimita 5 ko 6, mai falle biyar zuwa sama, in ka samu na itacen birch wanda ake kawowa daga yankin Finland da maƙwabtanta to ka dace don shi masu abin suka fi amfani da shi. Ka duba bakin katakon da kyau kafin ka karɓa, in ka ga ramuka a tsakanin fallayen ko falle uku ne kawai na tsakiyar mai laushi, bar shi. Wancan allon da ake yi da garin katako da gam kuwa kar ma ka fara, yana da nauyi kuma yana gutsurewa.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwali da fensir da rula, ƙaramin zarto mai siririn baki wanda ke iya bin kwana ko injin jigso in kana da shi, magagari mai manyan haƙora da wani mai ƙanana, samfefa lamba 80 da 120 da 220, abin damƙe katako a jikin tebur guda biyu, sai banish ko fenti na ƙarshe. Dan Allah ka sa takunkumi a hanci da tabarau, ƙurar filawud akwai gam a cikinta kuma za ka yi awa guda ko fiye kana shaƙa.

Zanen a kwali ake fara shi. Ka ɗiga ɗigo ɗaya, daga nan ka ja layi biyu kowanne santimita 28, kusurwar da ke tsakaninsu ta zama kamar digiri 105 zuwa 110. In ba ka da abin auna kusurwa ba damuwa, ka buɗa layukan har sai tazarar da ke tsakanin ƙarshensu biyu ta zama santimita 45, shikenan ka samu kusurwar. Waɗannan layukan su ne tsakiyar fukafukan, sai ka ba kowanne faɗin santimita 4 da rabi, wajen gwiwa ka ɗan ƙara ya kai 5 da rabi ko 6 don nan ne ke shan duka. Kan kowane fiffike ka zagaye shi da murfin kwalba, cikin gwiwar ma ka yi masa kwana mai laushi kar ka bar shi da tsini kamar bakin almakashi, daga irin wannan tsinin tsagewa ke farawa. Ka yanke kwalin ka ninka shi biyu daga gwiwa ka ga ko fukafukan sun hau kan juna daidai, in ɗaya ya fi ɗaya ka rage. Kwalin nan ka adana shi, zaka sake nemansa.

Kafin ka ɗora kwalin a kan filawud ɗin ka lura da abu biyu. Jijiyar fallen sama ta bi daga kan wannan fiffike zuwa kan wancan, yadda duka biyun za su samu ƙarfi iri ɗaya. Na biyu kuma, da wuya ka samu filawud da yake a miƙe sak, yawanci yana da ɗan lanƙwasa, toh bayan ka yanke ka ajiye shi a kan tebur mai kyau ka danna gwiwar da yatsa, fuskar da in tana sama kan fukafukan suke ɗan ɗagawa daga tebur ita ce samanka. Ka rubuta "sama" a jiki da fensir tun yanzu.

Yankan kansa ba wani abu ba ne, ka damƙe katakon da tebur, ka bi bayan layi da kamar milimita 1 kar ka hau kansa, ka bar zarton ya ci da kansa ba tare da ka danna ba don kar fallen sama ya yi ta ɓallewa. In ka gama ka bi gefen da magagari har ya zo kan layin.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka ajiye shi a gabanka fuskar sama tana kallonka, gwiwar tana can nesa da kai, fukafukan biyu sun sauko wajenka. In da hannun dama kake jifa, bumarang ɗinka zai riƙa juyawa ne saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, ka sa yatsa a tsakiya ka juya shi haka a kan tebur a hankali ka kalli wane gefe ne ke shiga gaba a kowane fiffike. Zaka ga a fiffiken dama gefen waje ne, a na hagu kuma gefen ciki ne, wato dai gefen dama na kowannensu. Waɗannan su ne gefunan gaba masu kauri, sauran biyun su ne na baya da za a zaftare. Bahago kuma ya juya komai, nasa gefen hagu na kowane fiffike ne gaba, kuma wanda aka yi wa na dama da wuya ya yi wa bahago aiki. Ni har yanzu sai na yi wannan juyin a tebur na sa alamar kibiya kafin magagari ya taɓa katakon, saboda in ka zaftare gefen da ba shi ba babu gyara, sai dai ka ba wa bahago kyauta in duka biyun ka juya, in kuwa ɗaya ne kawai ka kuskure ya tashi daga aiki.

Ka ja layi da fensir a fuskar sama, a gefen gaba milimita 6 daga baki, a gefen baya kuma santimita 2 ko ɗan fiye daga baki. A jikin kaurin katakon ta gefen baya ka sake jan wani layin da zai bar kamar milimita 1 da rabi daga ƙasa, wannan shi ne iyakarka, kar ka wuce shi. Gefen baya in ya yi kaifi kamar wuƙa yana gutsurewa a faɗuwar farko, kuma ka tuna da tafin hannunka za ka cafe abin nan yana juyawa.

Ka damƙe fiffike ɗaya da tebur, ɗayan ya leƙo waje, ka sa guntun kwali a ƙarƙashin abin damƙewar don kar ya yi wa katakon tabo. Fara da gefen baya, ka kwantar da magagarin sosai kana turawa daga layin fensir zuwa baki, doguwar tafiya daga gwiwa zuwa kai, kar ka tsaya waje ɗaya kana ci. Nan ne za ka ga amfanin filawud, wallahi abin yana da daɗin kallo, da ka fara zaftarewa sai fallayen su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ratsi a jikin yadi, fari da ɗan duhu da layin gam siriri a tsakani. Ratsin nan su ne ma'auninka, sun fi rula. In suna tafiya a jere faɗinsu ɗaya daga gwiwa har kai toh gangaren ya yi daidai, in ka ga wani ratsi ya yi ciki ya buɗe a wani waje to ka ci wajen da yawa, in ya tsuke kuma akwai tudu da ya rage sai ka koma masa. Ka riƙa ɗagawa kana hure ƙurar kana dubawa a haske, kar ka yi gaggawa, cirewa ake yi ba a mayarwa. Gefen gaba kuma gajeren gangare ne kamar digiri 45, ratsinsa za su fito a matse kusa da juna, daga baya ka zagaye shi ya yi kamar bakin cokali ba tsini. Kan fiffiken shi ma ka bi shi da gangaren, ya taso daga na gaba ya zagayo ya narke cikin na baya.

Gwiwa tana ɗan rikita mutum saboda a nan gefuna ke musanya aiki, gefen waje da yake na gaba a fiffiken dama in ya zagayo gwiwa ya koma na baya a fiffiken hagu, na ciki kuma akasin haka. Kar ka yi masa gaɓa, ka bar gajeren gangaren ya riƙa faɗaɗa a hankali har ya zama dogon, kuma tsakiyar gwiwar ka bar mata cikakken kaurinta. Fuskar ƙasa ba a taɓa ta, tana nan a shimfiɗe, iyaka ka ɗan kashe kaifin bakin da samfefa.

In ka gama duka biyun ka jera su a ido ka ga ko ratsin wannan fiffike sun yi kama da na wancan. Sai guga, lamba 80 ta share sawun magagari da ɗan tudun da ke inda gangare ya haɗu da saman, ya zamana in ka shafa da yatsa daga gaba zuwa baya ba ka jin gaɓa ko ɗaya, sannan 120. Ka tsaya a nan. Kar ka taɓa 220 kar ka taɓa fenti, domin kusan tabbas sai ka sake sa masa magagari bayan gwaji. In kana da ƙaramin sikeli ka auna, irin wannan girman yakan faɗo tsakanin giram 70 da 100.

Ka sa samfefa da magagarin a aljihu ka nemi fili mai ciyawa wanda ba mutane ba motoci ba wayoyin wuta, aƙalla mita 40 ko 50 ta kowane ɓangare, don irin wannan yakan yi nisan mita 25 zuwa 30 kafin ya juyo kuma sabo ba ka san ina zai nufa ba. Yara su tsaya can nesa, kuma mutum ɗaya ne ke jifa a lokaci guda. Ka zaɓi lokacin da iska take kaɗan-kaɗan, ka tsinko ciyawa ka saki ka ga ta ina take zuwa, ka fuskance ta sannan ka juya dama kamar digiri 45 yadda za ka ji ta a kumatunka na hagu. Ka riƙe kan fiffike ɗaya tsakanin babban yatsa da manuniya, fuskar da ka sassaƙa tana kallon kumatunka, shimfiɗaɗɗiyar tana waje. Ka tsayar da shi kusan a tsaye, ɗan karkatawa dama kaɗan kamar tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1 a fuskar agogo, ka auna ɗan sama da inda ƙasa ta haɗu da sama, ka wurga ta saman kafaɗa ka karya wuyan hannu a ƙarshe kamar mai kaɗa bulala. Juyi ake so fiye da ƙarfi. Abin da ba a yi shi ne wurga shi a kwance kamar faifai, zai miƙe sama ne ya dawo da gudu ya daki ƙasa ko ya daki mutum, yawancin waɗanda suka karye a haka suka karye.

In komai ya yi zaka ga ya tafi ya yi kwana hagu, ya ɗan hau sama, yana zagayowa yana kwanciya a hankali har ya zo kanka a kwance yana lilo yana saukowa, sai ka tafa hannu biyu ka kama shi a tsakiya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, nesa da fuskarka. In ya zo da gudu ka kauce kawai ka bar shi ya faɗi, amma kar ka juya masa baya, idonka a kansa har ya sauka.

Kafin ka zargi katakon ka yi jifa goma ko ashirin tukuna kana gyara tsayuwa. In yana sauka ta hagunka ka ƙara juyawa dama, in ta damanka yake sauka ka ƙara fuskantar iskar, in yana wuce ka ya faɗi baya ka rage ƙarfi ko kuma iskar ce ta yi yawa. Idan duk ka yi wannan amma yana tafiya da nisa kwanar ba ta rufewa, toh fukafukan ba sa kama iska yadda ya kamata, ka ƙara zaftare gefen baya, ko ka juya shi ka ɗan ci ƙarƙashin gefen gaba wajen kan fiffike kamar tsawon santimita 5, kaɗan fa, ka gwada kafin ka ƙara. In yana nutsewa ƙasa tun bai gama zagaye ba ka lanƙwasa kan fukafukan sama kaɗan, in kuma yana haurawa sama da yawa yana faɗowa ka mayar da su ƙasa. Lanƙwasawar da ɗumi ake yi, ka kara shi a tururin ruwan zafi ko na'urar busar da gashi na ɗan lokaci, ka lanƙwasa da hannu a hankali ka riƙe har ya huce, milimita 2 ko 3 ma sun isa su canza tafiyarsa gaba ɗaya. Wanda yake son ya ƙara nisa ko ya jure iska sai ya manna ƙaramin kwabo da salatif kusa da kan fiffike. Abu ɗaya dai ake canzawa a lokaci guda, in ka taɓa uku tare ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba.

Ranar da ya fara dawowa sau uku huɗu a jere, ka kai shi gida ka ɗora shi a kan sabon kwali ka zana, ka rubuta faɗin gangaren da duk abin da ka canza, na biyun zai zo maka da sauƙi sosai. Sannan ka bi shi da 220, ka goge ƙurar da ɗan tsumma, ka shafa banish siriri ka bari ya bushe, ka ɗan sake gogawa sama-sama ka ƙara shafi ɗaya ko biyu, gefuna su sha sosai don ta nan laima ke shiga ta ɗaga fallayen. Fenti mai kauri yana ƙara nauyi yana cike gangaren da ka sha wahala a kai, ni dai kan fukafukan kawai nake shafa wa ja ko ruwan lemo don in gan shi a cikin ciyawa, sauran in bar ratsin katakon a fili. Wajen ajiya kuma ka kwantar da shi a shimfiɗe a inuwa, kar ka bar shi cikin mota a rana ko ka ɗora masa kaya, zafi da nauyi suna sauya lanƙwasar fukafukan, in hakan ta faru sai ka koma tebur ka danna gwiwar ka duba ka sake saita shi da tururi.